ZARE: AK-47, M16 da mutanen da suka sa hannu a ofis

1/
Duk ranar da aka ɗora hoton AK-47 kusa da M16 a dandalin nan, waƙar ɗaya ce: "AK ba ta mutuwa, ko a laka ka binne ta sai ta tashi. M16 kuwa kayan wasan yara ce, ita ta kashe sojojin Amurka a Biyetnam." Na gaji da wannan haddar. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/
Ga matsayata tun kafin mu yi nisa. Waɗanda suka jawo mutuwar sojojin nan su ne masu sa hannu a ofis: suka canza albarushi, suka ƙi a shafa kurom, suka tura bindiga daji babu kayan wanki. Ƙirar tana da rauninta, zan faɗe shi ɗaya bayan ɗaya. Amma ƙarfe bai taɓa sa hannu a takardar kwangila ba.

3/
Kafin wani ya fara yi min fassara: ba harbi nake koyarwa ba, ba ƙira ba. Tarihi ne da aikin injiniya, duk a rubuce suke a fili shekara da shekaru. Kuma in ka daure zuwa ƙarshe za ka ga inda maganar ta shafe mu.

4/
Mu fara da ƙarfen da ake rigima a kai. A cikin kowace irin wannan bindiga akwai sakata. Kamar ta ƙofa take: tana tura harsashi mazauninsa, ta kulle bayansa gam, don kada wutar ta dawo fuskar mai harbi.

5/
Sakatar ba ta tafiya da kanta. Akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke ɗauke da ita, ya kai ta gaba, ya juya ta, ya dawo da ita. Ni ɗan dako nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a zaren nan. Rabin halin bindiga a jikin ɗan dakon nan yake.

6/
Dubi aikinsa bayan kowane harbi: ya jira matsin wuta ya sauka, ya buɗe sakata, ya zaro kwanson da ya ƙone, a wurgar da shi, ya ɗana bindigar, ya kwaso sabon harsashi, ya tura, ya kulle. AK na yin kusan harbi 600 a minti. Wato duk wannan hidimar cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

7/
Ya yi saurin buɗewa, kwanso ya maƙale. Ya yi sanyi, bai kai ƙarshe ba balle ya kwaso na gaba. Duk gardamar AK da M16 amsa biyu ce ga tambaya ɗaya: ta yaya za a tura ɗan dakon nan baya, da wane ƙarfi, a wane lokaci?

8/
Amsar farko ta Mikhail Kalashnikov ce da abokan aikinsa. Sojan tankar yaƙi ne da aka raunata a 1941, rundunar Sobiyet ta karɓi bindigarsa a 1949. Ya huda ƙaramin rami a bututun bindiga, gas ɗin da ke bin harsashi ya hau sama, ya daki fistin.

9/
Fistin ɗin a haɗe yake da ɗan dako, jiki ɗaya. In aka daki fistin, dukkansu suke komawa baya tare, ƙarfe wajen rabin kilo. Kuma ɗan dakon ya ninka sakatar nauyi sau da yawa. Da gangan aka yi haka.

10/
Ga dabarar da masu yabon AK ba sa ambata don ba su san ta ba: ɗan dakon yana fara tafiya shi kaɗai na 'yan milimita kafin ya taɓa sakata. Kafin nan matsi ya ragu, shi kuma ya samu gudu. Sai ya fizgo ta da ƙarfi, kamar mai cire turke da ya fara ja da baya kafin ya finciko.

11/
Ƙari a kan haka: gas ɗin da ake ba fistin ya fi abin da yake buƙata. Haƙoran sakata biyu ne manya. An bar fili tsakanin ƙarafa don yashi ya samu wurin zama. Kwanson harsashin 7.62×39 tsukakke ne ta gaba, yana fita da sauƙi, shi ya sa ma gidan harsashinta ya lanƙwashe kamar ayaba. Cikin bututu kuma an shafe shi da kurom saboda tsatsa.

12/
A nan nake son gyara wata magana. Ana cewa wai "an yi AK ne sakaka, shi ya sa take aiki". A'a malam. Barin fili da gangan daban, aikin ganganci daban. Tela da ya ɗinka maka riga mai walawa ya auna ka ne. Wanda bai iya awo ba, wuyan rigar ma ba zai shiga ba.

13/
Hujja? Rukunin farko na AK an yi gangar jikinta da lanƙwasasshen farantin ƙarfe, masana'anta ta kasa fitar da shi daidai, kaya suka riƙa lalacewa. Dole aka koma sassaƙa jikin daga dunƙulen ƙarfe, mai nauyi da tsada. Sai a 1959, da AKM, suka ci nasarar abin da suka so tun farko. Shekara goma fa. Wannan ce bindigar da kuke cewa kowa ma zai iya.

14/
To mene ne farashin? Don kowa ya ci zomo ya ci gudu. Rabin kilon ƙarfen nan yana gudu ne a saman layin bututu, ya je ya daki baya, ya dawo ya daki gaba. Bindiga na girgiza, baki na ɗagawa, saiti na watsewa in aka yi nisa.

15/
Sobiyet sun san da haka, suka yarda. Sojansu ɗan bautar ƙasa ne na 'yan shekaru, ga sanyi, ga laka, kuma lissafinsu shi ne yawancin artabu ba ya wuce mita 300. Sun sayi juriya, sun biya da nauyi da daidaiton saiti. Ciniki ne, kuma ya dace da buƙatarsu.

16/
Amsa ta biyu ta Eugene Stoner ce, injiniyan kamfanin ArmaLite, wanda reshe ne na Fairchild masu ƙera jiragen sama. Ku riƙe wannan: mutanen jirgi ne. A wurinsu kowane giram na nauyi abokin gaba ne. Af, AR ɗin nan ma daga sunan ArmaLite yake.

17/
Stoner ya ƙera AR-10 a tsakiyar shekarun 1950. Jim Sullivan da Robert Fremont suka rage mata girma ta zama AR-15. A 1959 ArmaLite ta sayar wa Colt haƙƙin ƙerawa. Ita ce daga baya sojan Amurka suka raɗa wa M16.

18/
Ana yawan cewa "M16 ba ta da fistin". Tana da shi, a ɓoye yake. Gas na bin wani siririn bututu, ya shiga wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure a kan ɗan dako, ya faɗa wani ɗaki a CIKIN ɗan dakon. Wutsiyar sakata tana da ringi uku, irin dai na fistin ɗin babur.

19/
Ka ga ke nan sakatar ita ce fistin, ɗan dako shi ne silinda. Gas ya kumbura a tsakaninsu, ɗan dako ya yi baya, wani ɗan ƙusa ya bi karkataccen rami ya juya sakata digiri 22.5, ta buɗe. Ragowar gas ya fita ta ramukan gefe. Duk wanda ya taɓa zama gun bakanike ya gane wannan hoton.

20/
Me ya sa ya wahalar da kansa haka? Saboda duk ƙarfin yana tafiya a layi ɗaya: bututu, sakata, ɗan dako, sifirin da ke cikin gindin bindiga, har kafaɗar soja. Babu wani nauyi a sama da ke karkatar da ita. Bindiga ta natsu, saiti ya zauna.

21/
Na biyu: sakatar mai haƙora bakwai tana kulle ne a wani ƙarfe da ke manne da bututun kansa. Don haka gangar jiki ba ta ɗaukar matsin harbi, sai aka yi ta da alminiyom. M16 ta farko kusan kilo 3 ce. M14 da ta gada ta haura kilo 4, harsashinta ma ya kusa ninka nauyi. Soja mai tafiyar ƙasa a daji ya san bambancin a bayansa.

22/
Farashinta fa? Zafi da baƙin hayaƙi suna shiga har cikin cikinta. Mai yana ƙonewa, dole a riƙa ƙara mata. Sifirin na cikin gindi, don haka ba a naɗe gindin kamar na wasu AK. Mafi girma: an auna komai ne bisa halin wani albarushi takamaimai. Ka canza albarushi, ka canza agogon bindigar baki ɗaya.

23/
Yanzu ku saurari abin da aka yi. An gwada AR-15 da albarushin IMR 4475 na kamfanin DuPont, mai siffar 'yan sanduna. Hukumar soja ta kafe sai harsashi ya kai gudun ƙafa 3,250 a daƙiƙa ba tare da matsi ya wuce iyaka ba. Wannan albarushin ya kasa cika sharuɗɗan biyu a kai a kai in ana yi da yawa.

24/
Maimakon a sassauta wancan adadi, a 1964 sai aka amince da WC 846 na kamfanin Olin Mathieson, mai siffar ƙwallaye. Shi ya ba da gudun da ake so a takarda. Stoner, mai bindigar, ba a ji ta bakinsa ba sai da aka gama yanke hukunci.

25/
Sabon albarushin yana kai matsi mai yawa wurin ramin gas. Ɗan dako ya riƙa tashi da wuri da gudu. Bindigar da iyakarta a gwaji harbi 850 a minti, ta riƙa kusantar 1,000. Ga datti ya ƙaru, har wasu rukunan suna toshe siririn bututun nan.

26/
Ku tuna abin da na ce a lamba 7. In sakata ta buɗe da wuri, kwanso yana nan a kumbure, manne da bango. Ƙugiyar da ke zaro shi sai ta yage masa baki ta wuce, shi kuma ya zauna daram a ciki.

27/
Sai kuskure na biyu ya haɗu da na farko. Ba a shafa kurom a mazaunin harsashi ba. Alhali Amurka ta koyi wannan darasi tun yaƙin duniya na biyu a tsibiran Fasifik, M14 ma tana da shi. Biyetnam ƙasar ruwa da laima ce. Mazauni ya yi tsatsa, ya yi ƙuraje, kwanso ya ƙara samun abin kamawa.

28/
Na uku: labari ya bazu cewa bindigar "tana wanke kanta". Aka tura ta fagen daga babu isassun kayan wanki, babu isasshen horo. Kuma hanya ɗaya ta fitar da maƙalallen kwanso ita ce a zura sanda ta baki a bugo shi. Sandar da yawancinsu ba a ba su ba.

29/
Ka kwatanta a ranka. Bindigar zamani mafi sabunta a duniya ta koma adaka irin ta maharban ƙauye: harbi ɗaya, a nemi sanda, a zura ta baki. Ana ruwan wuta a kanka.

30/
Ga wanda ya fi ɓata min rai. Da aka ga bindigogi suna faɗuwa gwajin karɓa in an sa sabon albarushi, sai aka bar Colt ya ci gaba da gwaji da harsashi mai tsohon irin albarushi. Bindiga ta ci jarrabawa a masana'anta da harsashi ɗaya, a tura ta yaƙi da wani. Takardu tsaf, sa hannu tsaf.

31/
A bazarar 1967 aka gwabza a tsaunukan da ke kusa da Khe Sanh. Wani sojan kundumbala na ruwa ya rubuto wasiƙa gida, aka karanta ta a majalisar dokokin Amurka. Ya ce sun fita su 72 a rukuninsu, 19 suka dawo, kuma kusan kowace gawa an same ta da bindiga a wargaje a gefenta, mai ita na ƙoƙarin gyarawa.

32/
Majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, ɗan majalisa daga jihar Missouri. Rahotonsu ya fito a Oktoban 1967. Sun ɗora babban laifin a kan canjin albarushi, suka ce yadda hukumar soja ta tafiyar da lamarin ya kusa kai wa sakaci irin na aikata laifi. 'Yan majalisarsu ne suka faɗa, ba ni ba.

33/
To da me aka gyara? An watsar da ƙirar Stoner? Ko alama. Aka ƙara nauyin ƙarfen da ke bayan ɗan dako don ya rage gudu. Aka shafa kurom a mazauni, daga baya har cikin bututu. Aka gyara albarushi. Aka raba kayan wanki. A 1968 har littafin zane mai barkwanci aka buga, na mai zane Will Eisner, don koya wa soja kula da ita.

34/
Duba jerin nan da kyau. Wanne ne a ciki ba a iya yi ba tun 1964? Babu. Duk an san su ko ana iya gano su da gwaji na gaskiya. An fafe gora ne ranar tafiya, kuma 'ya'yan talakawan da aka ɗiba aikin soja suka biya.

35/
Akwai wani abin dariya mai ciwo. In ka ga ɗan dakon M16 za ka ga wasu tsage-tsage a gefen dama. Na wani maɓalli ne da hukumar sojan ƙasa ta dage sai an ƙara, don soja ya tura sakata gaba da hannu in ta ƙi rufuwa. Stoner bai so ba, sojan sama ma suka ce ba sa buƙata.

36/
Hujjarsu mai sauƙi ce: harsashin da ya ƙi shiga da kansa yana gaya maka akwai matsala, in ka danna shi da ƙarfi ka ƙara ta. Kuma abin da ke kashe mutane a daji kwanso ne da ya ƙi FITA. Manya suka ɓata lokaci suna rigima kan maɓallin turawa ciki, kurom kuwa aka bar shi.

37/
Na san masu ja sun matsu. "To ai ko yanzu M4, jikar M16, tana cijewa a ƙura." Gaskiya ne, ga ma alƙaluman in taimaka muku. A gwajin ƙura da sojan Amurka suka yi a ƙarshen 2007, kowane iri ya harba 60,000. M4 ta tsaya sau 882. HK416 mai fistin a waje sau 233. XM8 sau 127.

38/
Wannan rauni ne na gaske, ba na ɓoye shi. Bindigar da ke hura hayaƙi cikin cikinta ta fi son mai da kulawa. Amma ka yi lissafin da kanka: 882 cikin 60,000 bai kai kashi 1.5 cikin ɗari ba, a gwajin da aka shirya don azabtarwa. Tsakanin wannan da abin da ya faru a 1967 akwai tafiyar kwana da kwanaki.

39/
Masu cewa "a sa fistin kawai, magana ta ƙare", ina gaishe ku da SA80 ta Birtaniya. Fistin gare ta tun ranar farko a shekarun 1980. Ta yi ƙaurin suna wajen cijewa, musamman a yashin yaƙin Tekun Fasha na 1991, har sai da aka ba Heckler & Koch aikin sake mata kayan ciki a farkon shekarun 2000. Fistin bai cece ta ba.

40/
Kuma in ka ɗora fistin a saman bindigar da aka tsara ƙarfinta ya bi layi ɗaya, bugun yana zuwa ne daga sama, ɗan dako ya riƙa karkata yana cin bangon bayansa. Dole a sake masa siffa, a ƙara nauyi a gaba. An toshe rami ɗaya, an haƙa wani.

41/
Ita ma AK ɗin da ake rantsuwa da ita, a buɗe take ta gefe in an sauke marfin kariya, ga doguwar kafa da laka ke shiga kai tsaye. M16 a rufe take ruf. Filin da ke taimakon AK da yashi da rashin mai, shi ne ƙofar da taɓo ke bi. Ba ƙarfen da ba ya cijewa, jama'a.

42/
In ƙirar Stoner shara ce, me ya sa Amurka ke riƙe da zuriyarta sama da shekara 50? Me ya sa Kanada ta ɗauke ta tun shekarun 1980 da sunan C7? Faransa ta ajiye FAMAS ta koma HK416, wadda sakatarta da tsarin jikinta duk gadon Stoner ne. Ita kuma Rasha har yau tana kan tsarin Kalashnikov. Kowa ya zauna inda lissafinsa ya kai shi.

43/
Wani abin da ke ba ni haushi shi ne kasuwar farar hula a Amurka. Ana tallar ɗan dako mai ruwan zinare, mai walƙiya, mai sunaye masu daɗi, matasanmu na ta yaɗa hotunan. Abin da ke sa ƙarfen nan ya rayu ba ya fitowa a hoto: irin ƙarfen, yadda aka gasa shi, da ko an gwada kowace sakata an duba tsagewar da ido ba ya gani.

44/
Kusoshi biyu ne kacal ke riƙe da ɗan ƙarfen da gas ke shiga ta cikinsa. In ba a danne su yadda ba za su kwance ba, gas ya zurare, bindiga ta mutu, komai kyan fentinta. Aikin da ba a gani shi ke riƙe da wanda ake gani. Wanda ya taɓa sayen waya don kyan kwali ya san zancen.

45/
To ina ruwanmu? Ruwanmu biyu. Na farko: mu ma muna da sojoji a daji, muna da masu sayo musu kaya a ofis. Muna da DICON a Kaduna tun 1964, wadda har ta taɓa fitar da nata samfurin AK mai suna OBJ-006. Tambayoyin da kwamitin Ichord ya yi, tambayoyinmu ne.

46/
In aka nuna mana sababbin makamai a talabijin, mu daina tsayawa a "kai, ta yi kyau". Wa ya gwada? Da wane harsashi aka gwada, shi ne wanda za a ba soja? An sayo kayan gyara da na wanki? An horar da mai riƙewa? In soja ya kawo ƙorafi, wa ke saurare, kuma me ke samunsa in ya yi magana?

47/
Amurka da duk kuɗinta da injiniyoyinta ta faɗa wannan rami. Abin da ya fito da ita wasiƙun ƙananan sojoji ne, da iyayen da suka kai wa wakilansu, da majalisar da ta kira manya ta titsiye su a bainar jama'a. Ɗan majalisarka ya taɓa yin irin wannan tambayar? Ka taɓa tambayarsa?

48/
Na biyu ya fi ciwo. Juriyar AK da kuke wa kirari, mu ne muke biyan kuɗinta. Bindigar da ke aiki babu mai, babu ma'aji, babu horo, ita ce ke shekara talatin tana yawo daga wannan yaƙi zuwa wancan, ta ƙetare sahara, ta ƙare a hannun yaron da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

49/
An tsara ta ne don ɗan ƙauyen Rasha da aka ba horon 'yan watanni. Wannan sauƙin shi ya sa ta dace da ɗan bindigar daji. Mutumin Zamfara ko Katsina ko Borno da ya kwana a gona saboda ƙararta ba ya ganin abin burgewa a cikin "ba ta mutuwa". Ku riƙa tunawa da shi kafin ku sa mata alamar wuta da zuciya.

50/
Su kansu masu ƙirar ba su yi irin wannan gardamar ta 'yan ƙwallo ba. Stoner da Kalashnikov sun haɗu a Amurka a 1990, suka zauna suka tattauna aikinsu cikin girmama juna. Kowannensu ya san abin da ya saya da abin da ya bayar.

51/
Kalashnikov ya rasu a Disambar 2013. Bayan rasuwarsa jaridar Izvestia ta buga wasiƙar da ya aika wa shugaban cocin Orthodox na Rasha, yana tambaya cikin damuwa ko yana da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka. Mai abin ya tsufa da wannan tambayar a ransa, kai kuma kana nan kana mata kirari.

52/
Saboda haka in an sake ɗora hoton nan, kar ka tambayi wacce ta fi. Tambayi: don wa aka yi ta, me aka sadaukar, wa ya canza wani abu bayan injiniya ya gama, kuma wa ya mutu sanadin canjin. Wannan tambayar tana aiki a kan gada, da maganin asibiti, da taransifomar unguwarku.

53/
Mai ja ya zo da shekara da adadi, mu yi ta. Wanda kuma abin da zai kawo shi ne "wani ya ce ko a ruwa AK na harbi", ya fara komawa lamba 10 ya karanta. Allah Ya tsare sojojinmu da mutanen ƙauyukanmu, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya.